Yadda Ake Haɗa Curin Matza Mai Laushi Don Romon Kaza na Yahudawa

A gidajen Yahudawan Ashkenazi, wato waɗanda kakanninsu suka zauna a Jamus da Poland da Lithuania da Rasha, da wuya a ci abincin daren Idin Ƙetarewa, bikin tunawa da fitowar Isra'ilawa daga Masar, ba a kawo romon kaza da curin matza a ciki ba. Matza ita ce siririyar gurasar nan marar yisti, wadda dokar addininsu ta wajabta a gama gasa ta cikin minti 18 daga lokacin da ruwa ya taɓa garin, don kada ƙullun ya fara tashi. Ita ake niƙawa a sami garin da ake yin curin, wanda a harshen Yidish ake kira kneidlach. Masu cinsa sun kasu biyu, akwai masu son mai tauri da ke nutsewa ƙasan kwano, akwai kuma masu son mai laushi da ke tasowa saman romo. Na biyun ya fi wuyar samu, domin garin gasasshe ne, ba ya tashi kamar ƙullun fulawa, sai dai iskar da mai girki ya shigar masa ta ɗaga shi.

Ana buƙatar manyan ƙwai 4, da kofi ɗaya na garin matza, da rubu'in kofi na narkakken kitsen kaza, da rubu'in kofi na ruwan soda mai sanyi (ruwan sha mai gas, marar sukari), da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗan masoro. Kitsen kazar, wanda suke kira schmaltz, yana da dalili: dokar abincinsu ta hana haɗa nama da madara, saboda haka man shanu ba ya shiga tukunyar da kaza take ciki. Man girki na iya maye gurbinsa, amma a ganina rabin ɗanɗanon ya tafi ke nan.

A fasa ƙwan a raba farin da gwaiduwa, a kaɗa gwaiduwar da kitsen da gishiri da masoro, sannan a kaɗa farin shi kaɗai a wani kwano mai tsabta har ya yi kumfa mai kauri wadda ba ta zubewa daga cokali. A zuba garin da ruwan sodan a kan gwaiduwar a juya kaɗan, sai a riƙa saka kumfar kashi-kashi ana ɗago kwaɓin daga ƙasa zuwa sama a hankali, domin juyi mai ƙarfi yana fitar da iskar da aka sha wahalar shigarwa. A wannan matakin kwaɓin zai yi ruwa-ruwa har mutum ya ji kamar ya ƙara gari, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke ɓata girkinsu. Kada a ƙara ko cokali ɗaya. A rufe a sa a firij na aƙalla awa ɗaya, garin zai shanye ruwan ya yi kauri da kansa.

Idan lokacin ya cika, a ɗora babbar tukunya mai faɗi da ruwan gishiri ta tafasa. A jiƙa hannu da ruwa, a ɗebi kwaɓin kamar girman goro babba, a mulmula shi sama-sama ba tare da an matse ba, a jefa cikin ruwan. Kada a cika tukunyar, domin kowane curi yana ninka girmansa. Wanda ya saba dafa ɗanwake zai so ya kwashe da zarar ya ga sun taso, amma a nan tasowar farkon dahuwa ce kawai. A rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan, a rufe tukunyar ruf na minti 30 zuwa 40, kuma kada a ɗaga murfin, saboda tururin da ke ciki ne yake dafa saman curin ya hana shi motsewa. Daga nan a ciro ɗaya a yanka shi biyu: idan tsakiyarsa ta fi gefensa duhu da tauri, a mayar da murfin a ƙara minti 10.

Dalilin dafa su a ruwan gishiri maimakon cikin romon shi ne garin yana gurɓata romo, yana kuma shanye shi. Romon kuwa ana dafa shi daban da kaza da albasa da karas da seleri (wani kayan lambu mai ƙamshi) a kan wuta kaɗan na awa biyu zuwa uku, ana kwashe kumfar da ta taso don ya fito garau. A tace shi, a mayar da karas ɗin, a saka curin ya yi zafi a ciki na ƴan mintoci, sannan a zuba biyu ko uku a kowane kwano a barbaɗa yankakken ganyen dil, wani ganye mai ƙamshi, a kai.