Yadda Ake Gina Jerin Zaɓi Mai Saukowa Da Makafi Za Su Iya Amfani Da Shi

A shafin yanar gizo, jerin zaɓin da ba ya buɗewa sai an ɗora masa linzamin kwamfuta ya rufe wa mai aiki da kibod kaɗai, kamar makaho, ƙofa.

Yi mabuɗin jerin da alamar HTML (harshen gina shafukan yanar gizo) ta button, ba ta div ba, domin maɓallin Tab ya iske shi, Enter da Space su danna shi. Sa masa aria-expanded="false", ka mayar da shi "true" da zarar ya buɗe; ta nan ne manhajar karanta allo irin NVDA ke sanar da makaho ko jerin a buɗe yake. Ɓoye rufaffen jeri da sifar HTML ta hidden, in ba haka ba Tab zai yi ta yawo cikin mahaɗan da ba a gani. Escape ya rufe jerin, ya mayar da mutum kan mabuɗin. Kada ka sa role="menu" sai ka shirya sarrafa maɓallan kibiya da kanka.