Yadda nake sa yaro ya kamu da son karatun littafi

Ni dai ba a makaranta na fara son littafi ba, a tsakar gida ne. Bayan sallar isha'i yayata kan kunna fitilar ƙwai ta ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda bangonsa ya riga ya yage. Sai ta karanta mana yadda aku ke tsare Musa da labari har gari ya waye, don kada ya fita wurin yaƙi. Dabararta ita ce, da labari ya kai inda ya fi daɗi sai ta rufe littafin ta ce barci take ji. Haushi ya sa na fara sace shi ina haɗa baƙi da kaina.

To, haka nake yi wa 'ya'yana yanzu. Ka fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da baki, kafin ka kawo takarda. In ka ɗauki littafi, karanta da murya, kana sauya ta: ta Waziri daban, ta aku daban. Kwata ɗin awa ya isa.

Kada ka mai da abin jarrabawa. Da ka fara "me ka koya?" yaro zai gudu.

Littafin kuma kada a kulle shi a akwati don tsoron yagewa. Ajiye shi inda hannunsa zai kai. In ya ƙware, miƙa masa Ruwan Bagaja. Ɗan autana har yau in an ambaci Malam Zurƙe sai ya fashe da dariya.