Kafin ka kai lissafin shagonka gajimare

Ni ke kula da kwamfutocin wani dilan atamfa a Kantin Kwari. Da maigida ya gaji da sayen man janareta don kada kwamfutar lissafi ta mutu, sai ya ce in nemo kamfanin da za mu yi hayar kwamfuta a wurinsa ta intanet, abin da ake kira gajimare. Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo neman shawara.

Tambayar farko: da wane kuɗi za ka biya? Yawancin manyan kamfanonin da dala suke sa farashi. Mun ji a jikinmu bayan an saki naira a watan Yunin 2023: dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Aikinmu bai ƙaru ba, amma kuɗin wata ya ninka fiye da sau uku. Yanzu AWS, sashen gajimare na kamfanin Amazon, na karɓar naira, sai dai ka tambaya ko farashin kansa na naira ne ko canji ake yi maka. Kuma tun ranar farko ka saita gargaɗin kashe kuɗi, domin kwamfutar da ka manta a kunne tana cin kuɗi ko kana barci.

Sai nisa. Microsoft ta buɗe cibiyoyin ajiye kwamfutocinta na gajimare a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Kada taswira ta ruɗe ka, wani lokacin cibiyar Landan ta fi ta Afirka ta Kudu saurin amsawa daga nan, saboda yadda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka bi. Ka gwada daga shagonka, da layin da kake aiki da shi, ranar da ciniki ya yi zafi.

Idan kana ajiye sunaye da lambobin masu sayayya, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ka, musamman wajen fitar da su ƙasar waje.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙofar fita. Shigar da bayanai galibi kyauta ne, fitarwa ake caja. Kafin ka sa hannu, ka sauke kwafin komai ka ga ko zai buɗe a wata kwamfuta. Ni duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake sauke namu. Da wayoyin teku suka katse a watan Maris na 2024, da wannan kwafin muka duba basussuka.