Kafin a zura wa mai ciwon ƙoda bututu zuwa zuciya

Da aka ce za a duba jijiyoyin zuciyar Baba, wanda ke da ciwon ƙoda, tambaya ta farko da na yi wa likita ita ce: ta ina za a shiga?

Hanya biyu ce, jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi. Ta hannu ta fi ƙarancin zubar jini, mutum ya tashi zaune nan take. Ta matsematsi kuwa sai an kwanta miƙe awa 4 zuwa 6. Amma mai ciwon ƙoda, jijiyar hannunsa jari ce, da ita ake haɗa fistula, wato hanyar jinin da ake jona wa na'ura, in wankin ƙoda ya zo, kuma bututun kan toshe ta wani lokaci. Shi ya sa na ce a bar hagun Baba, tunda da dama yake aiki, fistula kuwa a hannun da mutum bai cika aiki da shi ba aka fi yin ta. Hannun da ke da fistula kuwa, kada a taɓa shi sam.

Ka tafi da sakamakon kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, ka sa likitan zuciya ya yi magana da na ƙoda. Ruwan rinin da ake ɗurawa ta bututun don jijiyoyin su fito a hoto yana wahalar da ƙoda, ga zafin Sakkwato mai busar da jiki, don haka ka tambayi yawan ruwan da maras lafiyar zai sha. Diklofenak ɗin da Baba yake ajiyewa ƙarƙashin matashi saboda ciwon gwiwa, ni na kwashe shi, don shi ma yana wahalar da ƙoda. Bayan kwana 2 zuwa 3 muka sake gwajin jini.