Yadda Nake Koyar da Yunwar Indiya a Aji

Shekarata ta farko da koyar da tarihi, na rubuta a allo cewa mutum miliyan 2 zuwa 3 suka mutu a yunwar 1943 ta Bengal, wani yanki na gabashin Indiya. Yara suka kwafa. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, zai fito a jarrabawa?" Daga ranar na canza salo.

Ka fara da shinkafa. Ka auno gwangwanin madara uku a leda, kimanin fam ɗaya ke nan, ka ajiye kan tebur ka yi shiru. Sai sun gaji da tambaya sannan ka faɗa musu: rabon yini ke nan, da 'yan kuɗin cefane kaɗan, da Richard Temple, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya yanka wa mai aiki a sansanonin agaji na Madras, a kudancin Indiya, lokacin yunwar 1876 zuwa 1878, mutumin kuwa yana fasa dutse tun safe. Ana cikin wannan yunwa, a Janairun 1877, Lytton, babban gwamnan Birtaniya a Indiya, ya yi gagarumin hawan daba a Delhi, aka ayyana Sarauniya Victoria ta Ingila sarauniyar Indiya. Yaranmu sun san kuɗin da hawa ke ci, nan take za su gane.

Da ka zo Bengal kada ka ce "abinci ya ƙare", nan ne yawancinmu ke kuskure. Japan ta kame Burma a 1942, shinkafar can ta daina zuwa. Turawa suka ƙwace kwale-kwalen mutanen gaɓar teku don kada abokan gaba su samu, ga guguwa ta lalata gonaki a Oktoban 1942, 'yan kasuwa suka ɓoye hatsi, farashi ya ninka ya sake ninkawa. Sai ka tambaye su: in mudu ya fi ƙarfin ladan yini, wa zai fara faɗuwa? Da kansu za su lissafo maka leburan gona da masunta da wanzamai. Hujjar Amartya Sen ke nan, masanin tattalin arzikin da ya ga yunwar da idonsa yana ɗan shekara 9.

In akwai hali, ka tafasa shinkafar a gida, ka tsiyaye ruwan a gora ka kawo. Wannan ruwan mutane suka riƙa bara a titunan Kalkata, ba ma shinkafar ba.

Aikin gida: kowa ya tambayi dattawan gidansu abin da suka ji game da Kakalaba, yunwar 1914 a ƙasar Hausa, da yadda aka ci gaba da karɓar haraji a lokacin.