Yadda Ake Zaɓar Makirufo Da Ɗaukar Waƙa A Ɗaki Da Kwamfuta

Yawancin masu fara ɗaukar waƙa a gida da kasuwa suke farawa. Su sayo makirufo mai ƙyalƙyali, su jona, su rera, sai wajen saurare su ji ƙarar fanka da kukan akuya da wani zuuu da ya maƙale a bayan murya. Daga nan sai a ɗora wa makirufo laifi, alhali abin da ɗakin ya ba shi ne ya ɗauka. Don haka kafin ka taɓa aljihu, ka shiga ɗakin da za ka yi aikin, ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka yi shiru na minti ɗaya kana saurare. Sannan ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya dawo maka da amsa-kuwwa, ko kana jin babura da Keke Napep kamar yadda abin yake a gidajen bakin titi na Tudun Wada da Sabon Gari, to ɗakin ya riga ya zaɓa maka irin wanda za ka saya.

Iri biyu ne suka shafe ka: dainamik da kondensa. Dainamik shi ne irin wanda mawaƙa ke riƙewa a wajen biki. Ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa, kuma tun da ana kusantar da baki sosai gare shi, muryarka kan danne hayaniyar waje. Shure SM58, wanda ake yi tun 1966, shi ne uban gidan wannan layi, Behringer XM8500 kuma ɗan'uwansa ne na mai ƙaramin ƙarfi. Kondensa, irin su Audio-Technica AT2020 da Rode NT1, ya fi fitar da zaƙin murya da numfashi, amma kunnensa ya cika kaifi, har zakaran maƙwabta ba ya bari. Hukuncin a taƙaice: ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano, dainamik. Ɗaki mai kauri da shiru, irin ginin ƙasa na cikin birni, kondensa. Ka yi hattara da jabun SM58, sun cika gari. Na ainihi nauyinsa ya kusa giram 300, in ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fanko, ko farashin ya yi araha fiye da hankali, ajiye musu abinsu.

Makirufon USB yana shiga kwamfuta kai tsaye, ya isa wa mai karatu ko hira, amma mai waƙa gara ya daure ya sayi akwatin shigar da sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad, kamar Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22. Wayar haɗi kuma ta zama XLR, mai haƙora uku, a duka bakin biyu. Nan ake yawan faɗawa rami: mutum ya sayi kondensa, ya haɗa shi da waya mai bakin jak, ya yi ta murɗa maɓalli ba sauti. Wutar bolt 48 da kondensa ke ci ta XLR kaɗai take bi. Tsarin jonawa shi ne ka rage GAIN, wato maɓallin ƙarfin shigar sauti a jikin saunkad, zuwa ƙasa, ka sa waya, sannan ka danna maɓallin 48V, ka jira 'yan daƙiƙoƙi. Wajen cirewa ka fara kashe 48V.

Yanzu ga babbar matsalar, wato ƙugi. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji tana gurnani a ƙarƙashin murya idan ta sami hanyar shiga. Gidaje da dama ba su da wayar ƙasa ta kirki, wato wayar da ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa, ga janareta, ga ƙananan inbata masu araha da ke ƙara nasu zizar a kai. Kada ka yi ta canje-canje barkatai, ka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Sa hedifon, buɗe makirufo, yi shiru. Zare cajar laftof daga bango. In ƙugin ya ɗauke nan take, ka kama ɓarawo: cika batir tun kafin mawaƙi ya zo, ka yi ɗaukar a kan batir, tun da saunkad ɗin ma daga USB yake shan wuta. In bai ɗauke ba, duba ko wayar makirufo ta kwanta jere da wayar wuta ko ta bi ta kan sitabilaiza. Raba su, in kuma dole su haɗu, su gitta juna kawai su wuce. In har yanzu yana nan, canza wayar XLR, domin haƙori ɗaya da ya saki a ciki ya isa ya ɓata aikin yini. Wayar salula kuma a nesanta ta. Akwai masu karya haƙorin wayar ƙasa na filogi don ƙugi ya tafi. Kada ka yi, wannan haƙorin ne ke tsakaninka da jan wuta.

Sai ɗakin kansa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kwalliya ce kawai, ga tara kyankyaso. Abu mai kauri da laushi ne ke shanye amsa-kuwwa: jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, rataya bargo a gefe da gefe, shimfiɗa darduma a ƙasa. Bayan mawaƙi ya fi muhimmanci, saboda nan fuskar makirufo ke kallo, bayansa kuwa kusan kurma ne, don haka ka juya bayan nasa wajen taga ko wajen fankar kwamfuta. Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki cif, kada kuma ka shige lungu. Lokaci ma kayan aiki ne. Bayan sallar isha'i gari ya fi lafawa, mutanen Palladan a Zariya kuma sun san jiragen koyon tuƙi na kwalejin jiragen sama ba sa tambayar ko ana ɗaukar baiti. Da damina, in ruwa ya sauka a kan kwano, a tashi kawai.

AT2020 da ire-irensa ta gefe ake rera musu, ɓangaren da tambarin kamfani yake. Sau da yawa za ka ga yaro ya kafa baki a saman makirufon kamar na biki, muryar ta fito kamar daga cikin randa. Tazarar baki da kondensa taƙi ɗaya ne, santimita 15 zuwa 20, dainamik kuwa yatsu biyu zuwa uku. In ka matso fiye da haka murya za ta yi kauri ta dushe. Sa matatar iska a tsakani, don harafin f da b na Hausa suna tura iska ta bugi fatar makirufo, ji kawai yadda "farin ciki" ke fita bum. Ba kuɗin matata? Lanƙwasa wayar hanga ta zama zobe, ka ja siririyar safa a kai. Idan s da ts suna tsaga kunne, karkatar da makirufon kaɗan daga saitin baki.

Wajen saita GAIN, mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, galibi amshi, ban da "gwaji, gwaji" a hankali. Murɗa har ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar ɗauka, FL Studio ko Cubase, ya riƙa taɓa -12 dB, iyaka -6 dB. Da zarar fitilar saunkad ta yi ja, sautin ya fashe, kuma fasasshe ba ya ɗinkuwa a wajen haɗawa. Ƙarami kuwa ana ɗaga shi daga baya. A saitin manhajar, zaɓi ingancin sauti na bit 24 da 48 kHz, sa direban ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa saunkad ɗinka da kwamfuta, sai bafa, mai daidaita jinkirin sauti, a 128. In murya tana makara a kunne, danna maɓallin DIRECT MONITOR na saunkad. A kashe lasifika, hedifon kuma ya zama mai rufe kunne ruf, in ba haka ba kiɗan zai zubo cikin murya.

Kalangu da ganga dainamik suke so, Shure SM57 in akwai, taƙi ɗaya daga fata a ɗan karkace. Gurmi da kukuma kondensa, wajen santimita 30. Mai algaita a ja da shi baya kamar mita guda. Bayan ɗauka, yanke duk sauti mai gurnani da ke ƙasa da 80 Hz, wato kaɗawa 80 a daƙiƙa, a kan murya. Da an gama a mayar da kondensa jakarsa, da 'yar ƙunshin silikar nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, saboda ƙurar hunturu da laimar watan Agusta duk suna sa shi tsartsatsin ƙara.