Yadda za ka gane bonas ɗin da ke ƙara maka ƙarfin duka a gem da gaske

Abin da ke ba ni haushi shi ne in ga mutum ya sha wahala ya samo zobe mai +50% na ƙarfin duka, ya cire wanda ke ba shi x20% (wato mai ninka duka da 1.2) ya jefar, wai ai 50 ta fi 20, sannan ya koma wajen bos, wato babban abokin gaba, ya tarar jinin bos ɗin ma ya fi daɗewa bai ƙare ba. Matsalar ita ce bonas iri biyu ne, akwai na tarawa akwai na ninkawa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ɗauki takobi mai duka 100. In kana da +50% guda biyu na tarawa, gem zai fara haɗa su su zama 100%, sai ya ɗora kan takobin, ka samu 200. In na ninkawa ne kowanne zaman kansa yake, 100 sau 1.5 ya ba ka 150, a sake ninkawa da 1.5 ya zama 225. To a nan ratar 25 ce kawai, shi ya sa a farkon wasa ba wanda ke damuwa.

Sai ka yi nisa abin ke fitowa fili. A ce makami da sulke da fasahohin da ka buɗe sun riga sun tara maka +400%, dukanka 500 ke nan. Ka ƙara wancan zoben mai +50%, jimla ta koma 450%, duka ya zama 550, wato ainihin ƙarin da ka samu kashi 10 ne kacal duk da an rubuta 50 ɓaro-ɓaro. Shi kuwa x20% ɗin da ka raina, 500 sau 1.2, ya kai ka 600. 'Yan gem suna kiran wannan bokiti, duk bonas ɗin da ake tarawa wuri ɗaya bokitinsu ɗaya, kuma yana cika abin da ka zuba yana rage tasiri.

Lissafin da nake so ka riƙe bai da wuya, kalkuletar waya ta isa. Ka ɗauki sabon bonas ɗin ka raba shi da 100 haɗe da abin da ke cikin bokitin. 50 a raba da 500, 0.1 ke nan, kashi 10. Sai ka gwada shi da na ninkawar, wanda ya fi girma shi za ka saka. Amma fa kar ka ɗauka na ninkawa ne ke cin nasara kullum, wannan ma kuskure ne da ake yawan yi. In +30% kawai gare ka, dukanka 130, ƙarin +50% zai kai ka 180, x20% kuwa a 156 zai tsaya.

Saura yadda za ka gane wanne ne wanne, don kowane gem da salonsa. A Path of Exile, wanda ya fito a 2013, in ka ga "increased" tarawa ce, in ka ga "more" ninkawa ce, shi ya sa duwatsun tallafi, waɗanda ake haɗawa da fasaha don ƙara mata ƙarfi, masu "more" suke da daraja haka. Diablo IV kuwa sai ka shiga saiti ka kunna cikakken bayanin kaya, sannan zai riƙa nuna maka alamar + ko x kusa da lambar. A Genshin Impact ATK%, wato ƙarin ƙarfin hari, bokitinsa daban, bonas ɗin sinadari irin su wuta da ƙanƙara daban, kirit, wato dukan sa'a da ke fin na kullum ƙarfi, shi ma daban, kuma ukun ninka juna suke yi. A cikin kayan da ake saka wa ɗan wasa akwai kofi. Kofin sinadari mai tauraro 5 da na ATK duk 46.6% suke bayarwa in sun kai ƙarshe, amma sau da yawa na sinadarin ya fi, saboda bokitin ATK makami da abokan tafiya sun riga sun zuba masa.

In gem ɗin bai faɗa komai ba sai ka gwada da kanka. Ka nemi abokin gaba iri ɗaya, ka yi masa duka da fasaha ɗaya kamar sau 10 ka rubuta lambobin, ka watsar da na kirit don za su rikita ka, sannan ka saka sabon kayan ka maimaita. An rubuta 20% kuma duka ya tashi daga 500 zuwa 600, to ninkawa ce. In a 520 ya tsaya, bokiti ya faɗa.

Ka kuma lura da masu sharaɗi, irin "ƙari kan wanda ke kusa" ko "kan wanda ya daskare". Sunayensu daban-daban ne sai ka zata kowanne ninkawa yake, alhali a Diablo IV yawancinsu bokiti ɗaya ake jefa su, ga shi kuma ba sa aiki sai sharaɗin ya cika. Ni dai in zan zaɓa, gara in sami x20% uku daga wurare daban-daban, 1.2 sau 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.728, ƙarin kusan kashi 73 ke nan kan duk abin da na riga na tara.